Birki Na Biyu

Motar da yake koyar da tuƙi da ita birki biyu gare ta. Ɗaya yana ƙarƙashin ƙafar ɗalibi, ɗaya yana gefen da malami ke zama, an haɗa su da wani ƙarfe da ya ratsa ta ƙasa. Shekara da shekaru yana zaune a wannan gefen, har ƙafarsa ta dama ta koyi aikinta ita kaɗai. Kafin ɗalibi ya ankara cewa zai hau dakalin mutane, ƙafar ta riga ta taka. Shi ya sa yakan faɗa, cikin sanyin murya, cewa ba a taɓa fasa masa ko fitila ba.

Koyarwarsa a tsare take. Madubi, sigina, kuloci, giya, sannan a saki ƙafa sannu-sannu. Ba ya tsawa, ba ya zagi, amma kuma ba ya son ɗalibi ya riƙa hira alhali hannunsa na kan sitiyari. Saboda kalmar nan da ba ta barin bakinsa ɗalibai suka raɗa masa Sannu-Sannu, sunan ya bi shi har gida.

'Ya'yansa biyu. Babban namiji ne, ana ce masa Dogo, ya gama sakandare yana jiran ƙarshen hutu ya tafi makarantar koyon sana'a a wani gari mai nisa. Ƙaramar kuwa Auta ce, ta shiga sakandare ke nan, bakinta ba ya rufuwa.

Wata safiya yana wanke motar a ƙofar gida, matarsa ta fito masa da bokitin ruwa na biyu. Ta ajiye, amma ba ta koma ba.

"Baban Dogo, ka lura da yaron nan kuwa?"

"Me ya yi?"

"Ai da wani abu ya yi da sauƙi. Ba ya ci, ba ya magana. Waya ta yi ƙara sai ya zabura ya yi bayan gida da ita. Auta ta tsokane shi jiya tana ce masa falwaya saboda tsawonsa, ko kallonta bai yi ba. Da can ai sai na raba su."

Ya matse soso, ya ce ƙila tunanin tafiya ne.

Ta rage murya. "Shekaranjiya na dawo daga kasuwa ta bayan gidan burodi. Na gan shi tsaye da 'yar Mai ɗinki. Tana kuka, shi kuma ya ɗora hannu biyu a ka."

"Yara ne."

"Yara? Ɗaga kai kake yi in za ka dube shi."

"To ke ki tambaye shi mana."

"Na tambaya. Ya ce kansa ke ciwo. Wannan maganar ba da ni zai yi ta ba, kai ne ubansa. Kuma ka sani, in ya hau motar nan ya tafi da abin a cikinsa, shi ke nan, ba za mu ƙara jin sa ba."

Sannu-Sannu ya ci gaba da goge gilashin da ya riga ya goge. Shi a iya saninsa uba ba ya irin wannan magana da ɗansa. Ya koya wa Dogo ɗaura igiyar takalmi, ya koya masa canza taya, amma wannan bai san ta inda ake kama ta ba. Ya faɗa mata haka, ba tare da ya dube ta ba.

Ta ce, "Makarantar su Auta sun kira taron iyaye a kan wannan ɗin. Wata nas ce za ta zo. Na riga na ce za ka je."

A wani aji aka yi taron. Manyan mutane suka cusa kansu a bencinan yara, gwiwoyinsu na tokare da tebur. Mata suka yi gefen taga, maza suka taru a baya kamar masu gudun tambayar malami. Nas ɗin gajeriya ce mai tabarau, kowa Sista yake ce mata.

Ta ce, "Duk mai jin kunya ya ɗaga hannu."

Babu wanda ya ɗaga.

"Madalla. Har ɗaga hannun ma kunyarsa kuke ji."

Aka yi dariya, jiki ya ɗan saki. Daga nan ta shiga kiran abubuwa da sunansu: balaga, al'ada, jima'i, ciki, cututtukan da ake ɗauka. Duk kalmar da ta fito sai wani ya ga abin kallo a silin. Ta ce yaransu sun riga sun ji duk waɗannan, sun ji su a waya da bakin abokai, galibi a karkace. Abin da ba su da shi kawai shi ne babban da za su je wa idan abu ya rikice.

Sai ta ce a yi bibbiyu, ɗaya ya zama uba, ɗaya ya zama ɗa. Sannu-Sannu ya faɗa hannun wani mai walda, ƙato mai tabon tartsatsi a damtse. Mai walda ya langaɓar da kai, ya siranta murya.

"Baba, ni fa akwai wata yarinya da nake so."

Sannu-Sannu ya ce, "Karatun ka gama?"

Aji ya ɗauki dariya. Sista ta matso ta ce a sake.

"Baba, jiya da na raka ta gida, sai muka…"

"Kai, dakata. Wa ya aike ka rakiya?"

Mai walda ya miƙe, benci ya kusa binsa. "Sista, a canza min uba. Wannan ko numfashi ba ya bari in yi."

Har Sannu-Sannu sai da ya dara. Sista ta jira dariya ta lafa, sannan ta ce:

"Kada ku zaunar da yaro a gabanku kamar kuna kotu. Ku yi gefe da gefe, kuna wani aikin, ido ba ya cikin ido. Kuma ku riƙe wannan: abin da zai fara faɗa ba shi ne maganar ba. Taɓa ƙasa yake yi da ƙafa ya ji ko za ta ɗauke shi. Kome kuka ji, ko da cikinku ya juya, ku bar shi ya kai aya."

Gefe da gefe. Wannan ta shige shi sosai, domin ai sana'arsa ke nan. Ya fito daga taron da ƙarfin gwiwar da bai shiga da shi ba. Dama ya daɗe yana yi wa Dogo alkawarin koya masa mota kafin ya tafi.

Ya tsara abin da zai faɗa yadda yake tsara darasi. Da farko zai ce masa ya girma, kuma girma ba laifi ba ne. Sai ya yi maganar mutuncin 'ya'yan mutane, ya tuna masa shi ma yana da ƙanwa. Sai cututtuka. Daga ƙarshe ya ce masa ya yi haƙuri, kome yana da lokacinsa. Idan ya sauke ɗalibi, kafin ya ɗauki na gaba, sai ya ɗage gilasai ya maimaita shi kaɗai. Kalma guda ce ke maƙale masa a wuya, wadda Sista ta faɗa kamar tana kiran sunan magani. Ya yi ta gwadawa har ta fara fita, ko da yake a raunane.

Kwanakin farko a fili suka yi, wurin da yake jera tsofaffin tayoyi. Dogo yana da hannu. Bai daɗe ba ya daina kashe mota, ya iya ribas tsakanin tayoyi ba tare da ya taɓa ko ɗaya ba. Ba ya murna, ba ya gunaguni, abin da aka ce ya yi shi yake yi. Kullum Sannu-Sannu sai ya ce a ransa yau zai fara, sai kuma ya ga yaro bai gama kama giya ta uku ba, a bari sai gobe.

Ranar hutu da hantsi ya ce su hau titi. Suka ɗauki hanyar bayan masana'antu, miƙaƙƙiya, wadda ba a cika bi ba in ba ranar aiki ba. Katanga ce doguwa a dama, ciyawa a hagu. Dogo ya sa giya ta uku, ya sa ta huɗu, mota ta daidaita. Sannu-Sannu ya gyara murya, yana neman bakin zaren darasinsa.

Dogo ya riga shi.

"Baba."

"Na'am."

"In mutum ya yi wani abu… ba da niyya ba…" Idonsa na kan titi. Yatsunsa sun damƙe sitiyari.

Sannu-Sannu ya tuna Sista, ya haɗiye abin da ya zo masa. Ya ce, "Ina ji."

"Akwai wata yarinya." Muryar ta koma ta ƙaramin yaro. "Mun daɗe tare. Ta ce min tun watan jiya ba ta ga…"

Motar ta tsaya cak.

Tayoyi suka yi ƙara, bel ya fizgi ƙirjin Dogo, injin ya yi tari ya mutu. Babu akuya a gabansu, babu yaro, babu komai sai titi fetal. Sannu-Sannu ya dubi ƙasa ya ga ƙafarsa ta dama a kan birkinsa, ta danne shi har ƙarshe. Bai san lokacin da ta tafi ba.

Dogo ya duba madubi, ya duba gaba, sannan ya dubi ƙafar. Ya daɗe yana kallonta.

"Me na yi, Baba?"

"Rami," in ji Sannu-Sannu. "Akwai rami."

Babu rami, dukansu sun sani. Sannu-Sannu ya san abin da ya kamata ya ce. Kalma biyu ce kawai: ci gaba. Amma in ya faɗe su, sauran jimlar za ta fito, kuma da zarar ta fito ba za ta koma ba. Akwai makarantar da ke jiran yaron, akwai Mai ɗinki da suke gaisawa kullum, akwai unguwa. Sai bakinsa ya kama abin da ya saba da shi, wato darasin da ya haddace.

Ya ce masa ya girma, kuma girma ba laifi ba ne. Ya yi maganar 'ya'yan mutane, ya ambaci Auta. Ya yi maganar cututtuka, har kalmar nan mai wuya ta fita daidai, ba ta maƙale ba. Ya ce ya yi haƙuri, kome da lokacinsa, ya tsare kansa, domin akwai kuskuren da in mutum ya yi ya ɓata rayuwarsa da sunan gidansu gaba ɗaya. Yana faɗa yana jin yadda kalmomin ke faɗuwa a banza. Darasi ne na wanda bai tayar da mota ba, shi kuwa na gefensa ya riga ya yi nisa.

Dogo ya saurara har ƙarshe, hannuwansa a cinya.

"Ka gane?"

"Na gane, Baba."

"Da… me kake cewa ɗazu?"

"Ba komai. In tayar?"

Dogo ya duba madubi, ya sa sigina, ya saki kuloci sannu-sannu. Har suka iso gida bai yi kuskure ko ɗaya ba.

Matarsa na jiransu a tsakar gida tana shanya. Da Dogo ya shige ɗaki ta ɗaga gira. Sannu-Sannu ya ce, "Mun yi magana."

"Ya faɗa maka?"

"Na yi masa bayanin kome da kome."

Ta sauke ajiyar zuciya, ta ce Allah ya saka. Ranar har nama ta ƙara masa a kwano, ya kasa ci.

Washegari ya sake fita da shi, hanya ɗaya. Wannan karon ya janye ƙafarsa ta dama, ya cusa ta can ƙarƙashin kujera, ya harɗe ta da ta hagu. Suka wuce katangar, suka wuce wurin da tayoyinsu suka bar baƙin zane a kwalta.

Ya ce, "Jiya ka fara maganar wata yarinya."

"Ta abokina ce."

"Wane abokin?"

"Ba ka san shi ba. Sun ma daidaita."

"In akwai abin da zan iya yi wa… abokin naka…"

"Babu, Baba. Na gode. In shiga hagu ko in miƙe?"

Da abin ya ishe shi, ya soke darasin wata ɗaliba ya nufi asibitin da Sista ke aiki. Ya zauna a benci cikin mata masu goyo, hularsa a hannu, har layi ya ƙare. Ta gane shi.

"A'a, uban da aka ce a canza! Lafiya?"

Ya ba ta labari, bai rage komai ba. Ba ta yi dariya ba, ba ta kuma yi masa faɗa ba. Ta cire tabarau ta murza idonta.

"Ka san abin da zai faɗa maka?"

"Ina zato."

"To in zatonka daidai ne, akwai yarinya a wani gida da ita ma ba ta da wanda za ta faɗa wa. Yara biyu in suka rasa babba, junansu suke yi wa magani, kuma a nan nake ganin ƙarshen irin wannan maganin. Ka koma yau, ba gobe ba. Kada ka yi masa tambaya. Ka ce masa tsoro ne ya kama ka, ka ba shi haƙuri. Ka ce kome ne, kana tare da shi, ku zo nan tare."

"In ba ɗana haƙuri?"

"In ka taka ƙafar mutum a kasuwa me kake cewa?"

Da yamma ya tarar da Dogo a ƙofar gida yana duba iskar tayoyi, aikin da ba wanda ya sa shi. Ya tsuguna kusa da shi, ya karɓi murfin bawul ya riƙe masa. Sun yi gefe da gefe, ba mai kallon wani.

"Rannan, a hanyar masana'antu… ƙafar nan tawa, ka san ta saba. Ba wai rami ne…"

"Akwai ramin, Baba."

"Babu."

"Akwai. Na gan shi da muka dawo." Dogo ya karɓi murfin ya ɗaura, ya matsa taya ta gaba. Muryarsa a sanyaye take, babu fushi a ciki, irin muryar da ake lallashin marar lafiya da ita. "Da ba ka taka ba da na faɗa. Kar ka damu."

Sannu-Sannu ya tsaya a tsugune. Yaron ya ɗauki ƙaryar da ya yi masa, ya goge ta, ya miƙo masa da hannu biyu. Sauran abin da Sista ta ce ya faɗa suna nan a bakinsa a jere, amma sai ya ji Auta na kiran a zo a ci abinci, Dogo kuma ya riga ya miƙe yana kaɗe gwiwa. Ya ce a ransa gobe, in sun fita.

Gobe ta zo, Dogo ya ce ai ya iya, kada ya riƙa cinye lokacin ɗalibai. Jibi ya fita tun da safe, bai dawo ba sai la'asar, ya shige ɗaki ya rufe.

Bayan 'yan kwanaki Sannu-Sannu ya dawo cin abincin rana ya tarar da matarsa a kicin tana yanka albasa. Ba ta yi masa sannu da zuwa ba. Ta tura ƙofa da ƙafa.

"Ka ga shagon Mai ɗinki a rufe?"

"Na gani."

"'Yarta ce a asibiti. Jini ya ɓalle mata, da ƙyar aka tsayar. An ce wasu ƙwayoyi ta sha, wani ne ya sayo mata." Wuƙar ta ci gaba da sauka a kan katako. "Ta rayu. Amma an ce ko za ta ƙara haihuwa sai abin da Allah ya yi. Da an sallame ta za a kai ta wurin gwaggonta, ta bar makaranta ke nan."

"Ta faɗi ko wane ne?"

"Uwar ta yi duka, ta yi kuka, ta yi lallashi. Yarinya ta ƙi buɗe baki."

Ta ajiye wuƙar ta juyo. Idanunta sun yi ja, ba zai iya cewa albasa ce ko ba ita ba.

"Baban Dogo, ba ka ce kun yi magana ba?"

"Mun yi."

"Me ya ce maka?"

Ya dubi tukunya, ya dubi bango. "Ya ce ya gane."

Ta daɗe tana kallonsa, sannan ta koma kan albasarta. Ba ta ƙara tambaya ba, ranar ko bayanta. Daga shi har ita babu wanda ya haɗa sunan ɗansu da na yarinyar a jimla ɗaya. Abin ya zauna a gidan kamar wani baƙo, ana zagaye shi a wuce.

Dogo ya rame, wuyansa ya ƙara tsawo. Yana gaida kowa da ladabi, yana ɗebo ruwa, yana wanke mota tun ba a tashi ba. Sau ɗaya Sannu-Sannu ya bi da wani ɗalibi ta layin Mai ɗinki bayan ta sake buɗewa. Ya hango ta zaune gaban keke, hannunta a kan yadi, ƙafarta ba ta motsi. Ta ɗago ta gan shi, ta ɗaga masa hannu kamar yadda ta saba. Shi ma ya ɗaga. Ɗalibin ya tambaya ko ya tsaya.

Ya ce, "Wuce. Duba madubinka."

Ranar tafiya matarsa ta yi sallama da ɗanta a gida, ta ce ba za ta iya tasha ba. Ta rungume shi ta daɗe, tana ce masa Babana, Babana, ba ta ƙara komai a kai ba. Auta ta dage sai ta bi su. Dogo ne ya tuƙa, uban a gefensa, Auta a baya rungume da jaka tana lissafa tsarabar da za a kawo mata.

Tasha cike take da hayaƙi da ihun masu lodi. Aka ɗaure akwatin a saman bas. Auta ta hango mai sayar da alewa, ta karɓi izini ta ruga. Suka rage su biyu a jikin bas ɗin, kowa na kallon masu ɗaure kaya.

Sannu-Sannu ya ce, "Akwai sauran wuri, ba yanzu za su tashi ba."

"Eh."

"In akwai abin da… ni fa ubanka ne. Ko yanzu ne. Ko mene ne."

Dogo ya juyo ya dube shi sosai, karo na farko tun ranar masana'antu. Babu zargi a idonsa, gajiya ce kawai.

"Yanzu ai babu abin da za a yi, Baba."

"Duk da haka."

Yaron ya girgiza kai. Ya kalli inda Auta ke tsaye tana ciniki, tana sauya tsayuwa daga ƙafa ɗaya zuwa ɗaya.

"Auta ta fara girma," ya ce. "Akwai masu tsayar da ita a hanyar makaranta, na kori biyu. Ba ta san komai ba, Baba, dariya take yi. A yi mata magana. In ba za ka iya ba, Mama ta yi. Amma da wuri."

"To."

"Kuma in ta fara faɗin wani abu…" Ya tsaya. Direba ya danna hon, masu lodi suka hau kiran fasinja su shiga. Dogo ya rusuna, ya kama hannun ubansa da hannu biyu. "Sai na kira."

Ya sami kujera a can ɗaya gefen, inda ba a hango shi daga waje. Auta ta dawo a guje tana ɗaga hannu tana kiran falwaya, falwaya, har bas ɗin ya fita daga ƙofar tasha ya shiga cikin sauran motoci.

A hanyar komawa Sannu-Sannu ne a sitiyari. Auta ta dawo gaba, ta zauna a kujerar malami, tana tsotsar alewa tana lilo da ƙafafu. Ya saci kallonta. Bai san lokacin da rigarta ta ɗage mata haka ba. Titi babu cunkoso, tafiyar da ɗan nisa, su biyu ne kaɗai a motar.

"Baba, na ga Yaya yana yi maka magana a hankali. Me ya ce?"

Ya gyara murya. Ya duba madubi, ko da yake babu kowa a bayansu.

"Ya ce ki dage da karatu."

Ta taɓe baki. "Shi ke nan?"

"Shi ke nan," in ji shi. "Ɗaura bel ɗinki."